Wa Zai Buɗe Cikinta? Gardamar Taubasai Biyu a Wani Shagon Kwamfuta a Gaya

A bakin titin da ya taso daga Wudil ya ratsa Gaya ya nufi Dutse, akwai wani shagon kwamfuta mai ɗaki biyu. Da rana ana buga takardu, ana ɗaukar hoton fasfo, ana zana katin ɗaurin aure da fostar 'yan takara. Bayan sallar isha'i kuwa, in batirin sola bai yi sanyi ba, sai samari su cika ɗakin ciki, kowa ya biya kuɗin awa guda ya zauna wasan harbi. Kwamfutoci shida ne a shagon, duk na hannu, waɗanda mai shi ya tara ɗaya bayan ɗaya daga Kano. Biyar sun tsufa. Ta shidan, wadda ya saka wa katin hoto mai ƙarfi, ita samarin ke kira Giwa, kuma a kanta ake rigimar layi.

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, sai dai ƙarin wa'adin shekara guda ga wanda ya yi rajista. Windows 11 da ta gaje ta kuma tana buƙatar wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, tana kuma ƙin yawancin na'urorin da aka ƙera kafin wajen 2018. Kwamfutocin nan biyar babu wadda ta cika sharaɗin. Ba su lalace ba, suna kunnuwa, suna aiki. Amma duk ɓarakar da aka gano a cikinsu nan gaba babu mai toshe ta, alhali a kansu mutane ke shigar da lambar katin ɗan ƙasa da ta asusun banki. Kuɗin sayen sababbi biyar kuwa ya fi ribar shagon ta shekara.

Mai shagon yana da taubashi, malamin lissafi a wata sakandare a Ajingi, wanda ya yi karatun kwamfuta a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Duk Asabar yakan zo a kan babur, ya zauna a kujerar da ba a ba shi ba, ya sha shayin da bai saya ba. Mai shagon yana kiransa Malam, shi kuma yana ramawa da Alhaji, ko da yake mutumin bai taɓa taka filin jirgi ba. Tun kafin maganar Windows ta taso suna da gardamar da ba ta ƙarewa, a kan wane wasan yaƙi ne ya fi.

Mai shagon yana bayan Call of Duty, kuma hujjarsa ta ɗan kasuwa ce. A wannan wasa harbi yana farawa cikin daƙiƙoƙi. In an ji wa mutum rauni, ya laɓe bayan katanga na ɗan lokaci ya warke. In an kashe shi, ya tashi a wani lungu ya ci gaba. Yaron da ya biya kuɗin awa guda zai mutu sau talatin, ya kashe arba'in, ya fita yana dariya, gobe ya dawo. Malamin kuwa yana bayan Arma 3, wasan da kamfanin Bohemia Interactive na ƙasar Czech ya fitar a 2013. A cikinsa akwai tsibiri mai faɗin murabba'in kilomita 270, wanda aka kwaikwayo daga tsibirin Lemnos na Girka. Soja yana gajiya in ya yi gudu da kaya masu nauyi, hannunsa yana rawa in numfashinsa bai dawo ba, harsashi yana sunkuyawa in nisa ya yi yawa, kuma sau da yawa guda ɗaya ya isa ya gama da mutum. Ana iya tafiyar minti ashirin da taswira da kamfas ba a ga kowa ba, sannan a faɗi ba a san daga inda aka harbo ba.

"Malam, wa zai ba ni kuɗinsa don ya yi tafiyar ƙasa?" in ji mai shagon. "In tafiya yake so, ga hanyar Ajingi nan kyauta."

Malamin yakan amsa da cewa Arma dangin abin da sojoji ke horo da shi ne. Gaskiya ne: daga wasan farko na wannan kamfani, Operation Flashpoint na 2001, aka samo manhajar horo mai suna VBS wadda rundunar sojan Amurka da wasu ƙasashe suka ɗauka. Sai dai abin da ya fi jan hankalinsa wani ne daban. Masu Arma sun bar ƙofa a buɗe ga 'yan wasa su ƙera nasu filayen, nasu makaman, nasu dokokin. Ta wannan ƙofa wani ɗan Ireland, Brendan Greene, ya fara gwada wasan da ake zuba mutane da yawa a tsibiri har sai ɗaya ya rage. Wannan gwaji ne ya zama PUBG a 2017, ya sauko waya a 2018, ya kuma buɗe hanya ga ire-irensa kamar Free Fire. Ke nan wasan da yaran Gaya ke yi a waya a gindin bishiya jikan Arma ne, ko da ba su taɓa jin sunan kakan ba.

Saboda haka da maganar kwamfutocin biyar ta taso, kowa ya san inda malamin zai tsaya. Ya ce a sauke Windows a ɗora Linux. Ya yi bayani yadda yake yi wa ɗalibansa: kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, wadda ke tsakanin ƙarfe da sauran manhajoji. Ta Microsoft a rufe take, kamfanin kaɗai ke ganin rubutun da aka gina ta da shi, shi kaɗai ke iya gyara ta, shi ke yanke ranar da zai daina. Linux kuwa, wadda wani ɗalibi a Finland mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991, aka haɗa ta da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya soma tun 1983, rubutunta a bayyane yake, kowa yana da izinin karantawa da gyarawa da rabawa. Ubuntu, ɗaya daga cikin fitattun nau'o'inta, wani ɗan Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya kafa ta a 2004. Akwai kuma marasa nauyi irin su Linux Mint da ke tafiya lafiya a kan tsohuwar na'ura. Ya ƙara da cewa wayar Android da ke aljihun mai shagon a kan zuciyar Linux take tafiya, don haka ya daɗe yana amfani da abin da yake cewa bai yarda da shi ba.

"Kayan aro ba ya rufe katara, Alhaji," in ji shi. "Ka biya kuɗin ƙarfen, amma wani a Amurka ne ke gaya maka ranar da zai tsufa."

Mai shagon ba jahili ba ne, kuma amsarsa ba ta son rai ba ce. Abincin gidansa yana fitowa ne daga CorelDRAW, manhajar da ake zana katin biki da fosta da ita, kuma ba ta da nau'in Linux. Akwai Inkscape a madadinta, amma duk tsofaffin zane-zanensa da na abokan sana'arsa na Kano a tsarin Corel suke. Takardar da aka rubuta da Word tana buɗuwa a LibreOffice, sai dai wani lokaci jadawali ya goce, kuma ɗalibin da ya kawo kundin digirinsa ba zai karɓi uzuri ba. Sannan ga wasannin. Tun da kamfanin Valve ya fito da Proton a 2018, dubban wasannin Windows suna tafiya a Linux, har da Arma 3. Amma sababbin Call of Duty da PUBG na kwamfuta da Battlefield 6 na 2025 ba sa yarda, saboda manhajojin kama masu maguɗi da ke tare da su ba sa aiki a can. Wato wasan da malamin ke so zai bi shi zuwa Linux, waɗanda ke kawo ciniki kuwa ba za su bi ba.

Wani abu da ya faru a gidansu ya sauya yanayin gardamar. Mai shagon yana da ƙane soja da ke aiki a arewa maso gabas. Wani dare aka turo wa mahaifiyarsu bidiyo ta WhatsApp: duhu, harsasai masu haske suna tashi sama, jirgi mai saukar ungulu yana faɗowa da wuta, an rubuta a ƙasa cewa sojojin Najeriya ne. Wayar ƙanen ba ta shiga. Tsohuwar ba ta runtsa ba, mai shagon ma haka. Da safe ya tura wa taubashinsa bidiyon. Malamin ya hau babur ya zo, ya zauna a gaban Giwa, ya buɗe sashen Arma da ake tsara fage, ya ajiye jirgi, ya ajiye bindigar kakkaɓo jirgi, ya mai da lokaci dare. Kafin shayi ya huce ga abin da aka turo nan a kan allo, kusan babu bambanci. Ya ɗauka da wayarsa, suka kai wa tsohuwar.

"Gwaggo, duba nan. Ni na haɗa wannan yanzu a shago. Wancan ma wani ne ya haɗa."

Wannan ba sabon abu ba ne. A 2011 gidan talabijin na ITV a Birtaniya ya saka hoton Arma 2 cikin wani shiri a matsayin harin gaske. An yi ta yaɗa hotunan Arma 3 da sunan yaƙin Ukraine a 2022, har kamfanin ya fitar da bayanin yadda ake gane su: hoto dishi-dishi, yawanci da dare, kyamara tana rawa, ba a cika ganin mutane suna motsi ba. An maimaita haka a yaƙin Gaza a 2023.

Bayan kwana biyu ƙanen ya kira, lafiyarsa lau. Sai mai shagon ya juya abin ya zama hujjarsa: ga amfanin barin ƙofa a buɗe, kowane maƙaryaci ya shiga ya ƙera abin da zai hana tsohuwa barci. Malamin ya ce ƙofar da maƙaryacin ya bi ita ce shi ma ya bi ya tona shi. Da a rufe take, da sai dai su jira wani daga nesa ya gaya musu gaskiya. Mai shagon ya yi shiru, sannan ya faɗi maganar da ta fi duk abin da aka faɗa a shagon nauyi.

"Ƙofar a buɗe take gare ni ma, Malam. Amma da ba ka zo ba, da ban san ta inda ake shiga ba."

Nan ne ainihin matsalar take, kuma Najeriya ta taɓa cin karo da ita. A 2007 kamfanin Mandriva na Faransa ya sami kwangilar ɗora Linux a kan ƙananan kwamfutoci 17,000 na 'yan makaranta a ƙasar nan. Sai labari ya fito cewa za a goge ta a sa Windows, shugaban kamfanin ya rubuta wa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi, daga baya hukumar da ke biyan kuɗin mafi yawansu ta ce za a bar su yadda suke. An yi ta muhawara a kan wace manhaja za a ɗora, amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wa zai gyara na'urar in ta tsaya a makarantar ƙauye. Jihar Kerala ta Indiya, wadda makarantun gwamnatinta suka daɗe a kan Linux, ta dore ne domin ta horar da malamanta da yawa har suka iya riƙe abin da kansu.

Mutanen Gaya suna da dalilin fahimtar wannan fiye da kowa. Tarihin baka ya ce wani maƙeri ne daga Gaya, mai suna Kano, ya je Dutsen Dala neman tama, kuma zuriyar maƙeran nan ce ake kira Abagayawa. Tama tana nan a ƙasa kafin zuwansa, ba a kuma hana kowa ɗiba ba. Wanda ya san yadda ake narka ta shi ne ya mai da ita fartanya. Buɗaɗɗiyar manhaja ma haka take: izinin gyarawa yana hannun kowa, amfaninsa kuwa yana hannun wanda ya koya. Garin da ba shi da mai wannan sani zai sauya ubangida ne kawai, daga kamfani mai nisa zuwa taubashi mai babur.

Abin da suka yi a ƙarshe bai ba kowa nasara ba. Kwamfutoci uku sun koma Linux Mint, a kansu ake shiga intanet da cike takardun neman aiki da na makaranta. Biyu sun zauna a Windows 10 an cire su daga intanet, suna aikin Corel da rana, da dare kuma a haɗa su da waya ana tsohon Call of Duty. Giwa ta sami ƙarin wa'adin da zai ƙare ranar 13 ga Oktoba, 2026. Mai shagon ya gindaya sharaɗi guda: malamin zai koya wa yaron shagon, da wata ɗaliba da ke zuwa koyon buga rubutu, duk abin da ya sani, Asabar bayan Asabar, har ranar da firinta za ta ƙi aiki su gyara ba tare da an kira Ajingi ba. A makon farko an kira sau huɗu. A wata na uku yarinyar ce ta gano yadda ake sauya allon rubutu zuwa na Hausa, ta fara buga ƙ da ɗ da ɓ a takardun mutane ba tare da ta nemo su ɗaya bayan ɗaya ba.

Da ƙanen ya zo hutu, samari suka zaunar da shi a gaban Giwa, suka nuna masa wasannin biyu, suka ce ya raba gardama. Ya kalli Call of Duty ya yi murmushi. Ya kalli Arma ya daɗe, yana bin sojan da ke tafe shi kaɗai a fili da kaya a baya. Ya ce jiran ya yi kama. Sauran kuwa bai ce komai a kansu ba, ya tashi ya tafi gaida Gwaggo da ke Ajingi.