Gayyar Soɗi a Cikin Kwamfuta

Mai rubuta manhaja kamar tela yake: ba ya saƙa yadi, ba ya ƙera allura. Kasuwa yake zuwa ya ɗauko abin da wasu suka riga suka yi, ya yanka, ya haɗa. Mu masu aiki da harshen Python kasuwarmu sunanta PyPI, kuma akwai laburare sama da dubu ɗari biyar a cikinta, kyauta. Laburare a nan ba ɗakin littattafai ba ne, ƙunshin aiki ne da wani ya rubuta ya ajiye domin kowa ya ɗauka. Ɗan aiken da ke ɗauko mana shi kuwa sunansa pip.

Sai dai babu ƙunshin da ke zuwa shi kaɗai. Ka ce wa pip ya kawo maka pandas, wanda ake tace jadawalin alƙaluma da shi, sai ya iso da NumPy a bayansa, da wani mai lissafin kwanan wata, shi ma ya riƙo hannun wani ƙaramin da ake kira six. Mutum ɗaya ka ba wa katin gayyata, amma zaure ya cika. Kuma kowane baƙo da sharaɗinsa yake zuwa. Wannan ya ce ba zai zauna ba sai da bugu na kaza na wane ko wanda ya fi shi sabunta. Wancan ya ce in dai wane ya wuce bugu na kaza, shi kam ya tashi. Python kuma a ɗaki ɗaya bugu ɗaya kawai yake ajiyewa na kowane laburare. Tabarma ɗaya ce, mutum biyu suna ja. Daga nan rikicin yake farawa.

Na daɗe ina rubuta ƙananan manhajoji, na lissafin haja a shago da na tattara sakamakon jarrabawa, kuma a ganina wannan rikici ne ya fi korar masu koyo, fiye da wahalar harshen kansa. Idan kuskure na cikin abin da ka rubuta ne, ka san inda za ka duba. Amma a nan ba ka rubuta komai ba tukuna, allo ya cika da jan rubutu, da sunayen da ba ka taɓa ji ba.

A watan Yulin 2024 'yar yayata ta zo mini da kwamfutarta, saura kwana tara ta kare aikinta na kammala digiri. Aikin na hasashen farashin hatsi ne, ita da ƙawarta suka gama shi tun watan Mayu a kwamfutar ƙawar, yana tafiya lafiya. Da ta kwaso shi zuwa tata, ta girka laburarorin da ke cikin jerin, sai ya ƙi tashi.

"Kawu, wallahi ko waƙafi ban taɓa ba," in ji ta, idonta ya kawo ruwa.

Na ce, "Na yarda. Kawo jerin mu gani."

Sunaye ne zalla a ciki, babu lambar bugu ko ɗaya. Jerin da ba shi da lamba kuwa, ma'anarsa a wurin pip ita ce: kawo mafi sabo. Tsakanin Mayu da Yuli wani abu ya faru. Ranar 16 ga Yunin 2024 aka fitar da NumPy 2.0, babban sauyi na farko tun bugu na 1.0 da ya fito a 2006. Masu kula da shi sun yi watanni suna sanarwa, babu wanda suka yi wa ba-zata. Abin da ya sa ya taɓa mutane da yawa shi ne, laburarorin lissafi ba da Python kaɗai ake rubuta su ba, akwai sashen da ake rubutawa da harshen C, a harhaɗa shi daidai da tsarin cikin NumPy na lokacin. Da tsarin ya sauya, wanda aka harhaɗa da tsohon ba ya gane sabon. Ɗaya daga cikin laburarorin aikinta tsoho ne, bai kuma taɓa gindaya iyaka ta sama ba, don haka pip bai ga wata rigima ba, ya girka komai ya ce an gama. Sai da aka kunna aikin rigimar ta bayyana.

Gyaran layi ɗaya ne: pip install "numpy<2". Wato a kawo NumPy, amma wanda bai kai na 2 ba. Bugawa ba ta ci minti ɗaya ba, karanta saƙon ne ya ci mana kusan awa guda. Na sa ta karanta da kanta, daga ƙasa zuwa sama, domin a saƙon Python layukan ƙarshe ne ke faɗin abin da ya faru, na sama tarihin hanyar da aka biyo ne. Tambaya uku nake so mai karatu ya amsa: wane ne ke ƙorafi, wa yake nema, wa ya tarar a maimakonsa. Duk wanda ya taɓa zaman sulhu tsakanin 'yan uwa ya san wannan aikin.

Shi kansa pip ba haka halinsa yake a da ba. Kafin ƙarshen Nuwamban 2020, sharaɗin da ya fara ji shi yake bi, ya girka, in ya so daga baya a gane an saɓa wa wani. Daga bugu na 20.3 aka sa masa sabon tsari: yana auna dukkan sharuɗɗan, idan ya ga karo sai ya ja da baya ya gwada wani bugun, ya sake gwada wani, har ya samu wanda kowa zai amince da shi, ko ya fito fili ya ce sulhu ba zai yiwu ba. Na fi son wannan ɗan aiken mai gaskiya. Amma gaskiyar tasa tana da tsada a wurinmu. Wani lokaci sai ya sauko da bugu kafin ya san sharaɗin da ke cikinsa, kuma ga wanda ke jona kwamfuta da datar wayarsa, kowane gwaji kuɗi ne. Na taɓa zama ina kallonsa yana sauko da bugu bayan bugu na laburare guda, an ɗauke wuta, batir yana ja ƙasa. Wanda ke zaune a Amurka da intanet mara iyaka shayi zai tashi ya haɗa. Ni tsayar da shi nake yi, in ƙuntata masa zaɓi da kaina, in ce tsakanin bugu kaza da kaza kawai zai duba.

Saboda haka na koyi wasu ɗabi'u. Kowane aiki ɗakinsa daban, da venv, wanda ke cikin Python tun 2012, yadda baƙin wannan aikin ba za su haɗu da na wancan ba. Ina kiran duk laburarorin a umarni ɗaya, domin idan ɗaya bayan ɗaya aka girka, na ƙarshe yana iya ture abin da na farko ya jingina a kai, pip ya yi gargaɗi kawai ya wuce. Ranar da aiki ya tashi lafiya, a ranar nake buga pip freeze, in adana sunan kowa da lambarsa. Manyan kuwa, irin su PyTorch da ke iya cin gigabait idan ya zo da kayan katin hoto, pip download nake yi sau ɗaya in zuba a filash. Filashin nan ya zaga kwamfutocin ɗalibai da dama.

Abin da ba na so shi ne ƙarfa-ƙarfa. Akwai umarnin da ke cewa a girka ko ta halin ƙaƙa, a yi watsi da sharuɗɗa, kuma jan rubutun yakan ɓace nan take, shi ya sa yake da farin jini. Garin neman gira ake rasa ido. A kwamfutar Linux, tsarin kansa yana amfani da Python wajen wasu ayyukansa, in ka murɗe masa laburare kana iya wayar gari kayan sabunta kwamfutar sun daina aiki. Daga 2023 Debian 12 da Ubuntu 23.04 suka fara hana pip taɓa wannan ɗakin. Sun bar ƙofa ga mai taurin kai, amma sunan da aka raɗa mata, --break-system-packages, yana nufin ka amince a fasa kayan tsarin. Ban taɓa ganin umarni mai faɗin gaskiya kamar wannan ba.

Wani lokacin ma ba karo ba ne, baƙon ne ya ɓace. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya samu saɓani kan sunan wani ƙunshinsa a npm, kasuwar masu JavaScript, sai ya kwashe kayansa sama da 250. A cikinsu akwai left-pad, layi 11 kacal, aikinsa cike gurbi a gefen hagu na rubutu. Dubban ayyuka suka tsaya, har da manya irin su Babel, galibinsu ba su ma san suna jingine da shi ba, gayyar gayya ce. Cikin 'yan sa'o'i hukumar npm ta mayar da shi. Tun da na san labarin nan, idan na buɗe jerin da pip freeze ya fitar na ga sunaye sittin alhali biyar na kira, nakan tsaya in zaɓi ɗaya in duba masu kula da shi. Sau da yawa mutum ɗaya ne ko biyu, suna yi bayan sun tashi daga wurin aikinsu, ba wanda ke biyansu.