Idon Koma

Ina ajin ƙarshe na sakandare lokacin da aka karɓe wa kawuna komarsa a bakin madatsar Mozage, ɗaya daga cikin madatsun da ke tare ruwan Maggiya domin noman rani na Ƙonni. Aka bar shi da takarda cikin Faransanci. Da dare ya kira ni zaure, ya miƙo mini ita.

"Kai da kay yi boko, mi tac ce?"

Takardar ta ambaci dokar su ta 1998, wadda ta wajabta wa masunci mallakar takardar izini, ta kuma haramta zuba guba da tayar da nakiya a ruwa. Duk wannan na fassara ba gargada. Sai na ci karo da kalmar "maille", na tsaya cik. Na ce ƙofar zare, na ce ramin saƙa, har na soma raya wa kaina cewa Hausa ba ta da kalmar.

Kawu ya yi murmushi. "Ido ka kai nuhi, ɗana."

Ya jawo wani tsohon birgi, ya zura yatsu cikin saƙarsa. Ashe da yatsa masunta ke auna ido: mai yatsa ɗaya, mai biyu, mai uku. Mai faɗin ido yakan riƙe ƙosasshiyar tarwaɗa da karfasa, ya bar 'ya'yansu su sulale. A zamanin mahaifinsa, in ji shi, sarkin ruwa kan rufe tabki bayan damina har kifi ya girma, kuma wanda ya zo da matsattsen ido korarsa ake yi. Wato kawu ya san laifinsa tun kafin in buɗe baki. Hatsi ne ya ƙare a rumbu, kifin kuma ya ja baya, shi ya sa ya matse idon.

Kunyar da na ji ba ta laifinsa ba ce. Ma'aunin da na zaci sai a milimita ake faɗarsa yana nan a yatsun mutumin da bai taɓa shiga aji ba, ni kuwa mai karatu ban san sunansa ba. Tabkunan Ɗan Dutsi da Tabalak sun shiga jerin Ramsar tun 2005; ina zaton can ma akwai masuntan da ke jiran yaro irina ya karanta musu takarda.

Akuya kawu ya sayar ya biya tara. Ni kuma na sayi littafi na fara rubuta kalmomin su: taru, mamari, gura, gora. Duk hutu nakan karanta masa, yana gyara mini. Har yau bai yarda in rubuta "kifi" ba. Ya ce kihi ne.