Muguwar Kishiya Ta Girmi Fim

Duk shekara kafin babban hutu, ɗaliban ajina a nan Azarori sukan yi wasan kwaikwayo a gaban iyaye. Bana da muka zo rabon matsayi, kowa ya karɓi nasa ba gardama: wannan mai gari, wancan wawa, waccan uwargida. Da na zo kan kishiya sai yarinyar da na zaɓa ta fashe da kuka. Na ja ta gefe. Ta ce, "Mushe, innata ce amarya a gidanmu. Yara suna kiran ta da sunan wata muguwar mata ta cikin fim. In na fito a haka, ni ma sunan zai bi ni."

Bayan kwana biyu mahaifinta ya same ni a bakin lakwal. "Mushe, finafinan Kano ne suka jawo mana wannan masifa," in ji shi. Na ce, "Haka ne, Alhaji," don in kwantar masa da hankali. Amma da dare abin ya hana ni barci, domin na san muguwar kishiya ta girmi fim. Ni kaina na taɓa ɗaura zane na fito a matsayinta muna makarantar horar da malamai, aka yi ta tafi.

Fim ɗin Hausa daga dandali ya fito. Turmin Danya na 1990, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na farko a Kano, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta shirya shi. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ma, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan dandali, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. A nan Nijar, zamanin Kunce, samariya ta cika garuruwa da wasanni, ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram kuma ta shiga gidaje ta talabijin. Shi ma Yazi Dogo malamin makaranta ne. Mutanen da suka tashi cikin irin wannan wasa su ne suka fara tsayawa gaban kyamara, kuma da kayansu suka zo.

Ku dubi tsohon fim ɗin Hausa da kyau. Za ku ga mutane zaune a jere suna fuskantar gefe guda, kamar akwai ƴan kallo a gabansu. Za ku ji doguwar gaisuwa a farkon fitowa, wadda a dandali ita ke sanar da mai kallo wane ne ya shigo da kuma matsayinsa. Magana sau da yawa da ka ake yin ta: a faɗa wa ɗan wasa inda labari ya dosa, shi ya nemo kalmomi. A ƙarshe dattijo ko malami ya tara kowa ya yi nasiha. Halayen ma su ne dai: magulmaciya, boka, attajiri mai rowa, baƙauye a birni. Wawan nan mai faɗar gaskiya cikin raha, wanda marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi suna da shi, ƴan kama da ƴan tashe sun daɗe suna yawo da shi ƙofa ƙofa.

To, me ya canza? A dandali dole a kambama hali, domin na can baya ya gane muguwa tun daga tafiyarta. Sannan kowa ya san mai wasan. Ranar da na fito a kishiya, ana gamawa na kwance zane, abokai suka yi ta tsokana ta, muka tafi cin tuwo tare. Haka yaron da ya liƙa gemun auduga a tashe, da safe ɗan maƙwabci ne. Mai kallo ya ga an ɗaura hali, ya ga an kwance. Kyamara kuwa ta ɗauko kambamawar yadda take, ta matso da fuska kusa, ta zuba a salula. Yaro yana kallo shi kaɗai, bai taɓa ganin matar ta kwance zanenta ba. A wurinsa haka kowace amarya take.

Ban cire kishiya daga wasanmu ba. Wani dogon yaro na ba zanen, yarinyar kuma ta zama mai gabatarwa. Da aka gama, kowane ɗalibi ya fito gaba, ya tuɓe kayan wasa, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa. Sannan na tambayi iyaye: a gidan nan da muka gani, wa ke da laifi? Wata tsohuwa ta ce mijin ne, shi da ya kasa adalci. Maza suka ce ba su yarda ba. Aka yi ta gardama har aka kira magariba, Alhaji na cikin masu ɗaga murya.

Tsokanar ba ta mutu gaba ɗaya ba, amma ta ragu, yarinyar kuma ta dawo bencin gaba. Ƴan uwana malamai da iyaye, ba za mu iya ƙwace kowace salula ba. Amma za mu iya zama kusa da yaro in yana kallo, mu tambaye shi sunan ƴar wasan na gaskiya, mu kuma tambaye shi ko a cikin amaren unguwarsu ya taɓa ganin mai irin wannan hali.