Mun Rushe Inuwa, Muna Sayen Labule

Duk wanda ya ratsa cikin birnin Kano a 'yan shekarun nan, tun daga Mandawari har Koki, zai ga gidajen ƙasa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, benaye masu faffaɗan tagogin gilashi suna maye gurbinsu. Abin lura shi ne, da wuya ka ga tagar da aka bari haske ya ratsa. Kowacce an toshe ta da labule mai kauri, ko asabarin roba da ake ja da igiya. Wato maigida ya biya kuɗi ya shigo da rana, ya sake biyan kuɗi ya kore ta.

Wannan salon gini aro ne. Turawan Ingila kan haɗa wa gidajensu ɗakin gilashi zalla, bango da rufi, domin rana baƙuwa ce a ƙasarsu, gilashi kuwa yana barin haske ya shiga, ya tsare zafi a ciki. Ko su ma, idan lokacin zafinsu ya zo, sai sun rataya labule har a rufin. A 1851 suka gina katafaren zauren gilashi a Landan domin baje koli. A shekarar ce kuma Bajamushen nan Heinrich Barth ya hau Dala, ya hango birnin da maginansa suka daɗe da sanin halin rana.

Shaidar wannan sani tana nan a Gidan Makama, wanda tarihi ke dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Bangon tubali mai kauri yakan sha zafi a hankali, ba ya sakinsa sai dare. Rufin azara da ƙasa yana tare rana daga sama. Taga 'yar ƙarama ce, can kusa da rufi, don iska mai zafi ta fice. Hatta ƙuncin lungunanmu da muke kushewa, inuwa yake bayarwa.

A irin wannan gida na tashi a Yakasai. Asabarin kara ne kawai a ƙofar ɗakin kakata: iska ta shiga, rana da idon mai wucewa su tsaya a waje. Da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, muna barci a ɗakin ba fanka. Yau 'yan uwana sun rushe gidan sun yi bene. Da an ɗauke wuta, falo ya zama tanda, tsofaffi da jarirai su koma gindin darbejiya.

Na san wahalar ginin ƙasa: yaɓe duk shekara, fargaba duk damina, azara kuma ta yi tsada. Ba cewa nake mu koma jiya ba. Ilimin nake ji wa tsoro, domin duk soron da aka rushe, darasinsa na tafiya tare da shi, tsofaffin magina kuma suna ƙarewa.

Saboda haka nake roƙon masu zanen gine-gine da ɗalibanmu su shiga birni da awo da littafi, su zauna da magina tun suna raye. Mai shirin gini kuma ya rage tagar yamma, ya yi wa sauran rumfa daga waje, ya ƙara wa bango kauri. Inuwar da aka gina cikin bango ba ta jiran a kawo wuta.