Ni Da Tarwaɗar Ajiwa

Wata Asabar da asuba na bar Ƙofar Ƙaura zuwa Dam ɗin Ajiwa da sabon zaren fatsa na fulorokabon, wai kifi ba ya ganinsa. Kuɗin cefanen kwana biyu ya ci, ga alkawarin tarwaɗa na yi wa uwargida.

Ta zo kuwa, ƙatuwa. Fizga ɗaya, zaren ya tsinke daidai ƙulli.

Wani dattijon masunci ya duba ya ce, "Yaro, irin wannan jiƙa shi ake da miyau kafin a ja ƙulli, in ba haka ba ya ƙone. Kuma a jan ruwan damina wa ke ganin wa? Tarwaɗa da gashin bakinta take kiwo."

Kifin kasuwa na kai gida. Har yau ba ta sani ba.