Launi, ɗanɗano da ƙanshi



Babin farko da muka karanta a zauren mahaifinmu a Maraɗi, bayan mun fara riƙe Ahalari da Ishmawi, shi ne babin tsarki, kuma farkon tsarki ruwa ne. Malam ya kan ɗauko ƙwarya ya ɗiba daga randa, ya miƙa wa almajiri ya ce ya duba, ya shaƙa, ya kurɓa. Idan launi bai sāke ba, ɗanɗano bai sāke ba, ƙanshi bai sāke ba, to ruwa ne mai tsarki mai tsarkakewa. Ya kan ƙara da cewa ko da ya sāke, muddin daga mazauninsa ne sākewar ta zo, kamar gishirin ƙasa ko gansakuka, ba a hana alwala da shi. Mun tashi da wannan ma'auni a ka, muna tsammanin duk ruwan da ya tsallake shaidun nan uku ya tsallake kome. Ba littafi ne ya faɗa mana haka ba, mu ne muka ƙara wa kanmu.

Gwaggonmu tana aure a Tibiri, garin Sarkin Gobir, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a a mota ba daga Maraɗi. Ɗanta na uku tsaranmu ne, watanni ne kawai tsakaninmu. Duk lokacin da muka je hutu sai mu riƙa yi musu sha'awa, domin su fanfo suke buɗewa, ruwa garai-garai na zuba daga shato, mu kuwa a lokacin guga muke ja a rijiyar masallaci. Abin da muka fara lura da shi haƙoransa ne. Sun yi ja-ja kamar na tsohuwa mai cin fure da goro, alhali yaro ne da bai san goro ba. Muka yi ta yi masa dariya, Allah Ya yafe mana. Daga baya ƙafafunsa suka fara lanƙwashewa, gwiwoyi suna haɗuwa, duga-dugai suna nisa da juna, har ya daina bin mu ƙwallo, ya koma zama bakin fili yana tsaron takalma. Ba shi kaɗai ba ne. Kusan kowane lungu akwai irinsa, wasu ma sun fi shi.

Mutane sun faɗi abin da suka saba faɗi. Wasu suka ce iskoki ne, wasu suka ce maita, wasu suka ɗora wa iyaye mata laifin goyo. Gwaggo ta zo ta durƙusa gaban yayanta ta ce, "Malam, a taimaka mini da rubutu, yaron nan ƙafa na ƙare masa." Mahaifinmu ya yi rubutu, mu muka wanke allon da hannunmu, aka zuba mata a kwalba. Ya ce kullum safe ta tsiyaya kaɗan a moɗa, ta cika da ruwa mai tsabta ta ba shi. Ta bi umarni daidai, ta kuma zaɓi ruwan da ya fi kowane tsabta a idonta, wato ruwan fanfo. Shekaru sun wuce kafin mu iya tuna wannan ba tare da ƙirjinmu ya yi nauyi ba.

A wajajen 2000 zuwa 2001 ne magana ta fito fili. Rijiyar burtsatse mai zurfi, wadda muke ce wa foraj, da aka haƙa wa garin a 1985, ruwanta na ɗauke da sinadarin fuluwor fiye da kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita. Na Tibiri ya ninka wannan sau uku ko fiye. Yara ɗaruruwa suka naƙasa a ƙashi, waɗanda haƙoransu suka lalace kuwa sun fi haka nesa. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da ƙasa, FIDH, ta fitar da rahoto a kan al'amarin, sunan Tibiri ya shiga kunnen duniya ta ƙofar da babu Bagobirin da zai so. An sauya wa garin ruwa, amma ƙashin da ya riga ya lanƙwashe ba ya miƙewa don an rufe fanfo. Kimanin shekara 15 yara suna sha, ga alama a bakin kowane yaro, mu kam har yau ba mu ga uzurin da zai wanke wannan jinkiri ba.

Sai da muka shiga lise, muka zauna gaban malamin kimiyya, sannan muka gane yadda abin yake. Babu wanda ya zuba guba a rijiyar. Fuluwor yana cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa tun halittarsu, ruwan da ya daɗe kwance a cikinsu yana narkar da shi sannu a hankali. Ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari. Kaɗan daga cikinsa ma amfani yake yi, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Idan ya yi yawa sai ya shiga haƙori tun yana tsirowa, a shekarun da yaro bai kai takwas ba, ya shiga ƙashi ya taurara shi ta hanyar da ba ta dace ba. Yaron da ba ya samun nono da abinci mai gina ƙashi shi ya fi jin jiki, ga zafin ƙasarmu da ke sa a sha ruwa da yawa. Gwaggo, da ta ji an ce ruwa ne, sai ta shiga tafasa shi. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma wannan ba rai gare shi ba: ruwa ke tashi tururi, shi kuwa ya zauna, har ya ɗan ƙaru a abin da ya rage cikin tukunya.

Ranar da muka kawo wa mahaifinmu wannan bayani, muna ji da kanmu irin na ɗan lakwal, muka ce, "Baba, ashe shaidu ukun nan ba su isa ba." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Sun isa ga abin da aka kira su su shaida. An tambaye su ko ruwa ya halatta ga alwala, ba a tambaye su ko zai karya ƙafar yaro ba. Wannan tambayar likita ce, kuma wajibi ne a yi ta, tun da addini ya hana cutarwa." Daga nan bai sake ba da rubutu ba sai ya tambayi mai karɓa daga ina suke shan ruwa.

Ba mu kaɗai wannan jarrabawa ta sama ba. A Bangaladash, tun daga shekarun 1970, an haƙa miliyoyin ƙananan rijiyoyin burtsatse domin a raba mutane da ruwan tafki mai kawo gudawa, aka kuwa ceci rayuka da yawa. A shekarun 1990 aka gano cewa da yawansu na ɗauke da arsenik, shi ma daga ƙasa yake fitowa. Abin da suka yi ya burge mu saboda sauƙinsa: aka bi rijiyoyi ana gwadawa, mai lafiya a shafa wa bakinta koren fenti, mai guba a shafa ja, ta yadda ko wanda bai yi karatu ba zai gane.

Ruwan da ke ƙarƙashin Maraɗi hawa-hawa ne. Akwai na sama, mai bin yashin Gulbin Maraɗi, wanda damina ke ciyarwa. Akwai na can ƙasa, wani yanki na babbar taskar ruwa ta Iullemeden da Nijar da Najeriya da Mali ke tarayya a kanta, wanda masana da suka auna shekarun ruwa suka ce wani sashensa ya sauka ne dubban shekaru da suka wuce. Na ƙasa, in yana da aibi, daga dutse ne. Na sama kuwa aibinsa daga hannunmu ne, kuma nan ne ya kamata kowane magidanci ya tsaya. Masai, ramin wanka, turken dabbobi, juji, ruwan marina da na majema, baƙin man da makanike ke zubarwa, duk ƙasa tana shanye su, ba ta kuma hallaka su duka, sai dai ta tura saura gaba. Daga masai ne nitirat ke shiga rijiya, wanda ƙa'idarsa miligiram 50 a lita, yawansa kuma na hana jinin jariri ɗaukar iska yadda ya kamata. Daga nan ne kuma ƙwayoyin amai da gudawa ke bi. Jiharmu ta sha kwalara a 2018 da 2021. Ma'aikatan tsabta suna cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. Hadisan da suka hana bawali a ruwa tsayayye da bahaya a mashaya mun haddace su tun muna yara, sai dai ba mu taɓa tunanin ruwan da ke kwance ƙarƙashin tsakar gidanmu shi ma mashaya ne ba.

Gwajin ba abu ne mai wuya ba. Ana barin ruwa ya zuba na ɗan lokaci, a ɗiba a kwalabe na musamman, a sa cikin sanyi, a kai ɗakin gwaje-gwaje a ranar, domin na ƙwayoyin cuta ba ya jira. A maimaita da rani da kuma damina, saboda rijiya ɗaya na iya ba da amsa biyu. Wuyar tana wajen gyara. A Turai da Amurka, inda masana'antu suka ɓata ruwan ƙasa, akan yi shekaru da dama ana zuƙo shi ana tacewa, ba a gama ba. Mu abin da ke hannunmu shi ne a sāke rijiya, ko a gauraya ruwa mai yawan fuluwor da marar shi, ko a tace abin sha kaɗai. A Indiya suna amfani da alif da farar ƙasa su kwantar da shi. A Kenya da Habasha suna tacewa da gawayin ƙashi. Da muka ba Baba wannan labari, abin da ya fara tambaya shi ne ko ƙashin na dabbar da aka yanka ne.

Bara wani bawan Allah ya ba da kuɗi a haƙa wa masallacinmu foraj, sadaka mai gudana ga mahaifiyarsa. A taron kwamiti muka nemi a ware kuɗin gwaji kafin a buɗe wa jama'a, a haɗa da tsohuwar rijiya. Wani dattijo ya ce, "Ɗan Malam, rijiyar nan kakanka ya sha ta har ya cika shekara tamanin." Gaskiya ya faɗa, sai dai a zamanin kakanmu gidaje huɗu ne a unguwar, yau kuwa bango na jingine da bango. Sakamako ya dawo: sabuwar foraj lafiya lau, tsohuwar rijiya kuwa nitirat ya haura, ga kuma alamar bahaya. Muka ɗauki igiya muka auna daga bakinta zuwa masan almajirai, muka samu mita 11.

Bayan sallar Asuba Baba ya sanar da jama'a cewa ruwan tsohuwar rijiya bai sāke ba, don haka alwala da shi ta inganta, amma daga ranar kada a sha, kada a dama wa yaro koko da shi, mai kurkure baki ma ya ɗebo daga fanfo. Muka zuba mata jabel, muka shafa wa bakinta jan fenti. Maganar tayar da masai kuwa tana nan, domin wurin da ya dace yana cikin filin maƙwabci, shi kuma bai amince ba tukuna.

Ɗan gwaggo, wanda yanzu ɗinkin hula yake yi, ya zo Maraɗi a makon. Ya jingina sandarsa, ya ce mu ba shi takardar gwajin, mu nuna masa layin fuluwor. Ya daɗe da yatsa a kan lambar, sannan ya tambayi nawa aka biya, domin yana so a gwada rijiyar da ƴaƴansa ke sha.