Rigar siminti da na sa wa ɗakin Inna

Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, kuma asirin kaina zan tona da shi.

A 2016 na fara riƙe kuɗin kaina. Ina aiki a ɗakin gwajin ƙasa na wani kamfanin gina hanya, kullum ina tankaɗe birji, ina awo, ina busarwa, ina rubuta lamba. Da 'yan kuɗi suka taru sai na ce bari in fitar da Inna kunya. Ɗakinta a ƙauyenmu, tsakanin Isa da Sabon Birni, na tubali ne, mahaifinmu ya gina mata shi tun ba a haife ni ba. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi masa yaɓe, ni kuma tun ina yaro na tsani wannan aiki: ɗebo ƙasa daga kududdufi, kwaɓa ta da busasshen haki da kashin jaki, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake tattakawa. Na sayi buhun siminti takwas, na ce a yi filasta ciki da waje, a daɓe ƙasan ɗakin da siminti, mu huta.

Tsohon maginin unguwarmu, wanda da hannunsa aka ɗora azarar ɗakin, shi na fara kira. Ya zagaya ɗakin, ya shafa gindin bango, ya ce da ni, "Ɗana, ƙasa rai gare ta. Tana shan ruwa tana hidda shi. In ka sa mata wagga riga, ta ina za ta yi zuhwa?" Na yi dariya, na ce, "Baba, ai zamani ya canza." Ya ce, "To ba da hannuna ba." Na ɗauko wani yaro daga Isa, kwana huɗu ya gama. Ɗaki ya fito fes, aka shafa shuɗin fenti, mata suka riƙa zuwa kallo. Inna ta sa mini albarka har ta yi ƙwalla.

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne, maganar da tsohon ya faɗa ina da ita a littafin karatuna, da wasu kalmomi. Ƙasar gini haɗin gambiza ce. Yashi da tsakuwa su ne ƙashi, su ke ɗaukar nauyi. Yumɓu shi ne abin da ke liƙe su, kuma ƙwayarsa siririn falle ce da ba ta kai kashi biyu cikin dubu na milimita ba. Ɗan danshin da ke tsakanin fallayen nan shi ke riƙe su gam. In danshin ya yi daidai, bango ya yi tauri. In ya yi yawa, fallayen su zame wa juna, bango ya koma laka. Wani injiniya a Amurka mai suna Proctor ya fitar da gwajin gano wannan daidaito a 1933, kuma gwajin nan ne nake yi kusan kullum a wurin aiki. Baba magini kuwa dunƙula ƙasar yake yi a tafin hannu, ya sake ta daga daidai ƙirjinsa, ya duba yadda ta fashe. In ta watse kamar gari, ruwa ya yi kaɗan. In ta lotse ta zauna, ya yi yawa.

Kuma ba kowace ƙasa ya yarda da ita ba. Mu da muke zaune inda Bunsuru da Gagere suke haɗuwa su zama Rima, ga gulbin Maraɗi yana shigowa ta arewa, baƙar lakar fadama ta fi komai sauƙin samu a wurinmu. Ba ya taɓa ta sai ya cakuɗa da yashi mai yawa, don tana kumbura da damina, ta tsage da rani har ƙafar akuya ta faɗa. Jar ƙasar tudu yake so, wadda ba ta cika motsi ba.

Ga abin da ya faru a bayan rigar da na sa. Bangon ƙasa yana tsotsar laima daga ƙarƙashi kamar yadda lagwani ke jan kananzir. A da, laimar nan takan hau kamu ɗaya ko biyu, iska da rana su kwashe ta ta jikin yaɓe da ta daɓen ɗaki. Na zo na toshe daɓe, na toshe ciki, na toshe waje. Sannan siminti ba ya tafiya tare da ƙasa: ita tana ɗan kumbura tana tsukewa da sauyin yanayi, shi yana tsaye ƙiƙam. Sai ya rabu da ita, ya yi 'yan tsagogi kamar gashi, ruwan indararo ya bi ta nan ya shiga, ba ƙofar fita. A shekara ta uku, in ka ƙwanƙwasa bangon za ka ji yana amsawa kamar ƙwarya. Na ji da kunnena. Na ce gara ce, na sayi magani.

Kowa ya tuna daminar 2020. A watan Agusta, wani dare ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, bangon gabas ya zube. Allah ya sa waje ya faɗa, ya danne akurki da rabin rumbun gero, gadon Inna kuma yana yamma. Azara biyu suka sauko, ɗaya ta same ta a ƙafa. Har yau da sanda take tafiya.

Na iso washegari da la'asar. Filastar ta faɗi falle-falle kamar faifai, fentinta ko ƙwarzane babu. Na cusa hannu cikin abin da ke bayanta, ƙasar ta fito ta tsakanin yatsuna kamar kunu. Katangar maƙwabcinmu, da ba ta taɓa ganin siminti ba, ruwa ya zaizaye fuskarta, ta yi muni, amma tana tsaye. Baba magini ya zo jaje. Ya gaida Inna, ya zauna, bai ko kalli wajen bangon ba. Da zai tafi ya ce, "Allah ya tsare gaba. In ruwa ya ɗauke ka kira ni." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kada wani ya ɗauka yaƙi nake yi da siminti. Shi ma daga ƙasarmu yake fitowa, daga farar ƙasar Kalambaina da ke bakin Sakkwato, wadda ta taru tun zamanin da teku ke kwance a wannan yanki. Yana da wurinsa. Kuma masu cewa ginin ƙasa na talaka ne su je Goronyo. Madatsar da aka kammala a 1984 tulin ƙasa da yashi ce da aka danne, tsawonta ya haura kilomita 12, tsayinta wajen mita 21, ita ke tare Rima. Duk injiniyan da ya san aikinsa ya san ruwa zai ratsa irin wannan gini ko an ƙi ko an so, shi ya sa ake tsara masa hanyar da zai tsiyaye ba tare da ya kwashi ƙasa ba. Na san wannan game da madatsa, na manta shi game da ɗakin uwata.

Da kaka muka sake gini, wannan karon shi ke magana ina saurare, sai dai mun yi ciniki. Na ce harsashi na dutse da siminti, ya ɗago sama da inda ruwa ke kwanciya, a shimfiɗa leda mai kauri a kai kafin tubalin farko. Ya yi shiru, ya ce wannan ya yarda. Daga nan sama nasa ne. Ya sa mata suka jiƙa ɓawon ɗorawa, aka kwaɓa yaɓen ƙarshe da ruwan makuba. Sinadarin da ke cikinta dangin wanda ke cikin bagaruwa ne da majema ke jima da ita. Tana sa ruwan sama ya gangare, ba ta kuma hana bango fitar da danshinsa. Aibinta ɗaya, tana son a waiwaye ta.

Nan ne damuwata take yanzu. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da hannun mutanensa. Alkalawa, birnin sarakunan Gobir, tun da ta faɗi a 1808 mutane suka watse, ganuwar da ba a yaɓewa ta koma tudu. Ina ganin ƙananan Alkalawa suna ƙaruwa a gabas da yammacinmu. Rashin tsaro ya kori mutane zuwa cikin Isa, zuwa Sabon Birni, wasu sun ƙetara Gidan Rumji. Gidan da aka rufe damina biyu, in ka dawo sai ka tarar soro ya zauna. Ɗorawar ma tana daji, dajin kuma ba ya shiguwa. Yaran da Baba ya koya wa aiki, biyu suna acaɓa a Legas, ɗaya yana buga bulo.

Inna tana wurina tun bara. Kullum in hadari ya haɗu sai ta tambaye ni ko an duba indararon ɗakinta. Baba ya tsufa, ba ya hawa tsani. Na kira shi makon jiya, ya ce yana da ɓawon ɗorawa buhu ɗaya da ya ajiye, in na samu hanya kafin watan Mayu in zo, zai zauna a inuwa ya nuna mini, ni in hau.